Dakana a Hannun Autarmu

Ku matso nan kusa, ku gyara zama, akwai wani abu da na daɗe ina juyawa a raina ban taɓa faɗinsa gaba ɗaya ba. Ni ban yi boko ba, rubutun nan ma da girmana na koye shi. Abin da Allah ya ba ni kunne ne. Ina cikin ɗaki zan gaya muku wace ce ke jan guga a rijiya, da wace ce ta ajiye tulu da fushi.

Mu biyu ne mata a wurin Innarmu a Gwandu, ni da autarmu. Na ba ta shekara shida. Ita doguwa ce, fara, ga wushirya, in ta yi dariya har baƙo sai ya waiwayo. Ni kuwa gajera ce mai faɗin kafaɗa. Tun tana ƙarama in an ce ta ɗauki taɓarya sai ta dafe ƙirji ta ce yana mata ciwo, Inna ta ce a bar ta. Turmin gidanmu nawa ne ni kaɗai, kuma ban taɓa jin nauyinsa ba, don a nan nake da abin nunawa. Na iya lugude. Ina jefa taɓarya sama, in tafa sau biyu kafin ta sauko, in cafe ta, in ƙwanƙwasa bakin turmi, sannan in koma daka. Duk unguwarmu an san wannan tafin biyu da ƙwanƙwasa nawa ne.

Lokacin naira tana sabuwa, ina gidan mijina, katanga ɗaya ce ta raba mu da gidan Babanmu. Sai ga mutanen majigi sun zo gari. Mun saba su zo su kafa farin ƙyalle su nuna fim su tafi, amma wannan karon ɗauka suka zo yi. Labarin wata mata suke so, wadda take fama da aikin gida, ta shiga ajin yaƙi da jahilci, ta koyi karatu. Aka kawo su wurin Baba saboda filin bayan gidansa mai dogon yaro. Suna ganin auta ta gifta da ƙwarya suka ce sun sami matar. Baba ya yi ta jan magana, daga baya ya ce tunda ba ta yi aure ba, kuma abin na koyarwa ne, ya yarda.

Ni matar aure ce, ba fita. Kwana uku ina maƙale da wata kafa a jikin katanga ina leƙe. Na ga an ɗaura mata saƙin Inna na zuwa biki, an ba ta turmina na da, an zuba mata garin da aka riga aka daka, fari fat. Ta riƙa ɗaga taɓarya tana sauke ta a hankali kamar mai tsoron kada turmin ya farka. Mai ɗaukar hoto yana ta cewa madalla. Amma akwai wani siriri da ke rufe kunnuwansa da wasu abubuwa kamar ƙoƙuna, shi kam sai yamutsa fuska yake yi.

Rana ta uku da hantsi ina surfe a tsakar gidana, na yayyafa wa gero ruwa ina daka, ina lugudena don in huce haushi. Sai maigida ya shigo yana dariya.

"Ke, wai dakanki suka so."

"Su wa?"

"Masu majigi. Mai ƙoƙunan nan ya ji ki ta bayan katanga. Na ce ba shiga, ya ce shi ba shi buƙatar shiga."

Haka kuwa aka yi. Ya tsaya daga waje, ya zuro wata doguwar sanda ta saman katanga, da wani baƙin abu a bakinta kamar kan masara. Na yi daka har kafaɗuna suka yi tsami. Bai ga fuskata ba, bai tambayi ko ni wace ce ba. Ya ba maigida goro, suka tafi.

Damina biyu ta wuce kafin fim ɗin ya dawo. Kafin nan an yi wa auta aure a Kalgo, gidan manoman shinkafa ne babba. Ranar da aka nuna shi a Gwandu ina zaune a tsakar gida bayan magariba, lasifika tana kawo mini komai. Can sai na ji dakana. Na ji tafin biyu, na ji ƙwanƙwasar, har wurin da taɓaryar ta ɗan kuɓuce mini na ji. Filin ya ɗauki sowa, ana kiran sunan auta. Washegari mata suka yi ta shigowa gidan Inna yi mata barka. Ko ɗaya ba ta leƙo gidana ba. 'Yan unguwarmu da suka san dakan nawa ne ma cewa suka yi, "Ashe gado ne, auta ma ta iya." Na yi dariya tare da su, na shiga ɗaki na zauna a bakin gado har la'asar.

Ba a yi wata biyu ba auta ta aiko cewa za a aurar da ƙanwar mijinta, lalle in zo. Maigida ya bar ni. Na hau motar kasuwa zuwa Birnin Kebbi, daga nan wata ta kai ni Kalgo. Ina sauka na tarar da labari ya cika gari: motar majigi ta iso, kuma a filin ƙofar gidan su auta za a kafa ƙyallen. Surukuwarta, tsohuwa mai iko da gidanta, ta sa an kewaye mana gefe guda da zana an shimfiɗa tabarmi, don matan biki su kalli amaryar gidan. Ranar na fara ganin abin da na riga na haddace da kunne.

Bari in gaya muku yadda fim ɗin yake, don na kalle shi da idon mai neman laifi, kuma mai neman laifi ba ya ƙiftawa.

Ya fara da rana tana fitowa a bayan rumbuna. Rumbunan ba na gidanmu ba ne, na hanyar Dalijan ne, na san su. Daga nan sai ga auta a bakin turmi a gidan Baba, kamar taku ɗaya ne tsakanin wuraren biyu. A nan na fara gane aikinsu: suna yanka wurare kamar ƙyalle, su ɗinke su, mai kallo ya ɗauka gida ɗaya ne. Ta ɗaga taɓarya inuwar dogon yaro tana bayanta, ta sauke ta inuwar ta koma gabanta. Wato ɗagawar da safe aka yi ta, saukewar da yamma.

Sai suka matso da fuskarta. Wayyo. Fuskar ta cika ƙyallen nan kaf, wushiryarta kaɗai ta kai faɗin tafin hannuna. Ko ɗigon gumi babu. Mata suka yi guɗa. Ni ban yi ba, amma gaskiya ta yi kyau, kyan da ban taɓa lura tana da shi har haka ba. Sun san abin da suke yi. In suna so ka so mutum, sai su matso da shi kusa har ka ga ƙwayar idonsa. Hannuwanta kuwa daga nesa suke nuna su, su yi maza su ɗauke.

Amma kunne ba a ɗauke masa abu. Abin da ido ke gani a turmin gari ne busasshe, ribɗi ke nan, wanda ƙararsa take fita a dunƙule kamar ana buga ƙasa. Abin da kunne ke ji kuwa surfe ne, jiƙaƙƙen gero mai ƙara da santsi, cakwas cakwas. Duk macen da ta taɓa riƙe taɓarya ta san bambancin. Ga kuma tafi sau biyu yana tashi rangaɗau, alhali hannuwan auta biyu suna maƙale da taɓarya ba su rabu da ita ba. Na duba dama, na duba hagu, ina jiran wata ta ce wani abu. Duk sun saki baki suna kallon wushirya.

Na taɓa matar da ke kusa da ni. "Ke, wa ka daka da saƙin biki?"

"Shiru mana, muna kallo."

Labarin ya ci gaba. Wanda ya fito a matsayin mijinta direban motarsu ne, wani ɗan guntun mutum da na gani da idona bai kai kafaɗarta ba. Amma sun ɗauke shi daga ƙasa, ya zama kamar giginya, ita kuma sun ɗauke ta daga sama tana durƙushe, ta zama 'yar mitsitsiya. Ta roƙe shi ya bar ta ta shiga aji. Da ta buɗe baki, muryar da ta fito ba tata ba ce, ta wata Bakanuwa ce mai sanyin magana, bakin yana rufewa maganar tana ci gaba. Ita ma Bakanuwar sau uku kacal aka bar ta ta yi magana. Sauran duk wani namiji ne da ba a gani yake bayani, yana gaya mana abin da matar take ji a ranta. Wai yanzu tana baƙin ciki, wai yanzu ta ga haske. Fim na mata ne aka ce, don a buɗe mana ido, amma daga farko har ƙarshe namiji ne ke faɗin abin da ke cikinmu.

Wurin da ya fi tsaya mini shi ne wannan. Ta jingine taɓarya da turmi, sai ga ta a aji da allo. Daga ajin sai ga miji zaune, akushin tuwo a gabansa yana tururi, yana gyaɗa kai. To wa ya ƙarasa dakan? Wa ya tankaɗe, wa ya hura wuta, wa ya tuƙa? Sun yanke wurin sun yar. Ni na san wanda ya tuƙa tuwon nan, Innarmu ce, ina jin muciyarta ta katanga. A fim ɗin kuwa tuwon da kansa ya zo. Suna ce wa mace ta je ta yi karatu, abu mai kyau, ni ma daga baya na je. Amma ba su nuna mata inda za ta ajiye aikin ba, kuma ba su nuna mijin ya ɗaga ko tsinke ba. Aikinsa kawai shi ne ya ce ya yarda, a ƙarshe ta karanta masa wasiƙa ya yi murmushi. Shi ke nan, lasifika ta saki kiɗa.

Duk wannan gaskiya ne, kuma har gobe ina kan bakana. Sai dai ba don gaskiyar nake ta faɗa wa matan kusa da ni ba. Kowane laifi na tsinto a ƙyallen nan, auta nake jifa da shi.

Da aka kashe injin, mata suka yi caa a kanta. Surukuwar ta kama hannunta ta ɗaga.

"Ashe ɗiyar ga ta iya lugude haka? Shekara guda tana ɓoye muna! Ni da nike cewa an kawo muna 'yar kwalliya. To gobe wurin dakan hura ke za ki buɗe muna."

Auta ta sunkuyar da kai, suka ɗauka kunya ce. Muna shiga ɗakinta ta saki labule ta riƙe hannuna biyu.

"Yaya, ki ruhwa min asiri."

"Wane asiri? Ba ke ce tauraruwa ba?"

"Don Allah bar ba'a. Gobe zan ɗaure hannuna in ce wuta ta ƙone ni. Ke dai kada ki taɓa taɓarya a gidan ga. Ki zauna wurin tankaɗe. In sunka ji dakanki na mutu."

"To."

"Ki rantse."

"Na ce to, auta. Sai na rantse miki a kan turmi?"

Da gari ya waye aka jera turame uku a tsakar gida, aka fito da gero buhu guda. Auta ta fito da hannun dama a naɗe da tsumma, ta ce garwashi ne ya faɗo mata. Surukuwar ta yi ta sannu, ta ce ta zauna a inuwa, akwai wata rana. Ni kuma na ja rariya da faifai na zauna wurin tankaɗe kamar yadda na yi alkawari. Matan gidan suka fara daka. Ba laifi, sun iya gwargwado, amma ɗayarsu tana riga sauran sauka, abin yana sosa mini kunne. Suna daka suna hirar jiya. Wannan ta gwada tafin biyu taɓarya ta kusa faɗo mata a ka, aka fashe da dariya, aka ce ai sai mai abin.

Akwai wata faccalar auta, matar wan mijinta, mai kaifin baki. Ta jingine taɓaryarta tana haki, ta dube ni daga sama har ƙasa.

"Ke yayarta, ke ba ki gado ba? Tun ɗazu kin maƙale wurin rariya."

"Kowa da abin da ya iya," na ce.

"Ai an gani. Ƙarama ta kwashe kyau, ta kwashe hannu, ta bar miki mi? Zama?"

Suka yi dariya, ba ta mugunta ba, irin ta gidan biki. Na ci gaba da kaɗa rariya. Na dubi auta a inuwa, tana kallona, idonta yana roƙona. Da ta kau da kai, ina jin da na daure. Amma a daidai lokacin wata tsohuwa ta zo ta zauna kusa da ita, ta shafa mata kai, ta ce, "Allah shi ba hannun ga lahiya, irinshi ba shi da yawa." Sai auta ta ce, "Amin, Gwaggo."

Amin ɗin nan ne ya tashe ni. Na ajiye rariya, na karkaɗe zanina, na je na ɗauki taɓaryar faccalar.

Na fara a hankali, don in ji nauyinta. Geron jiƙaƙƙe ne, surfe ake yi, daidai irin na ranar. Na sauke sau huɗu, sau biyar. Sannan na jefa ta sama, na tafa biyu, na cafe, na ƙwanƙwasa bakin turmi. Na sake. Turame biyun da ke gefena suka yi shiru ɗaya bayan ɗaya. Ban tsaya ba. Na yi shi yadda na yi wa mai ƙoƙuna, har na ƙara da abin da ban yi masa ba. Mata suka fito daga ɗakuna da ludaya a hannu. Da na tsaya, ba abin da ake ji sai kaji.

Surukuwar tana tsaye a bakin madafa. Ta daɗe tana kallona.

"Wanga daka na san shi," ta ce. "Jiya na ji shi."

Faccalar ta tafa hannu ta yi shewa. "Lalle! Majigi ya dawo da rana tsaka! Hoto can inuwa, sauti nan bakin turmi!"

Gida ya kaure da dariya. Surukuwar ba ta yi ba. Ta juya wurin auta ta ce da murya ƙasa-ƙasa, amma kowa ya ji, "Kwance tsumman ga, ɗiyata, zahi akai." Auta ta miƙe ta shige ɗaki.

Na bi ta. Tana zaune a ƙasa ta jingina da gado, ta warware tsumman tana naɗe shi a yatsa. Ba kuka take ba, da kukan ne da ya fi mini sauƙi.

"Auta..."

"Kin huce?"

"Ke kin san nawa ne. Kusan wata biyu ana yaba ki da abina, ko sau ɗaya ba ki ce na Yaya ne ba."

"Ni na ce su sa? Ni ma sai a ƙyalle na gani." Ta ɗago ta dube ni. "Ke mai kunne, kin ji muryata a ciki? Kwana biyu ina haddace maganar da sunka ba ni. Har tawa na ƙara. Na ce ma mijin nan na fim, in na tahi aji wa za ya ƙarasa dakan? Mai hoto ya yi dariya ya ce in sake hwaɗi, ya yi kyau. Ina take? Sun cire, sun sa wata. Ke dakanki ya shiga, Yaya. Ni mi nawa ya shiga? Haƙora."

Tambayar da na kwana ina taƙama ni kaɗai na hango ta, ashe ita ta riga ni yi, a gaban mazan nan, tana 'yar budurwa.

"Shekara guda a gidan ga ana ce min ragguwa," ta ce. "Jiya kaɗai anka yabe ni. Kwana guda. Shi ma ba ki bar min ba."

Na dawo Gwandu kafin a kai amarya. Sunan da faccalar ta laƙa mata, Ta-Majigi, ya bi ta a Kalgo har 'ya'yanta suka tasa suna jinsa. Da na haihu a shekarar ba ta zo suna ba, ta aiko da busasshen kifi da shinkafa ta hannun wata. Sai da Inna ta kwanta ciwo muka sake zama a ɗaki ɗaya, muka yi jinya tare, muka koma magana. Zancen fim ɗin kuwa ba mu sake tada shi ba, ni da ita.

Na yi nadama, kada ku ce ban yi ba. Amma tunda na ce zan faɗa gaba ɗaya, bari in ƙarasa. Lokacin nan da turame suka yi shiru, mata suka juyo suna kallona, ni, da fuskata da kafaɗuna, daɗin da na ji ban taɓa jin irinsa ba, kuma ko yanzu in na tuna sai na ji ɗanɗanonsa kafin kunyar ta biyo baya. Ku da kuka saurare ni har nan, ku gaya mini tsakani da Allah: da ku ne a wurin rariyar nan, kuka ji ta amsa amin, da kun ci gaba da tankaɗe?